Sharhi: Zaman ayahuwaska a dajin Ikitos, kasuwa ce da sunan magani

Rashin barci da ƙuncin zuciya ne suka kai ni wani sansanin ayahuwaska da ke wajen birnin Ikitos a ƙasar Peru. Tallarsu a intanet cike take da alkawarin waraka irin ta kaka da kakanni. Ni dai ba zan ba kowa shawarar zuwa wurin ba.

Ayahuwaska tsimi ne da ake dafawa da kurangar caapi da ganyen chacruna. Ganyen yana ɗauke da sinadarin DMT mai sa maye da gane-gane, ita kuma kurangar tana hana jiki rusa shi da wuri. Nan haɗarin yake. Wanda ke shan maganin damuwa irin su fluoxetine, idan ya haɗa da wannan tsimi, zazzaɓi mai zafi da jijjiga na iya kama shi, har ta kai ga rasa rai. Likitana ya gargaɗe ni tun kafin in tashi. A sansanin kuwa ba wanda ya tambaye ni wane magani nake sha, ko ina da ciwon zuciya. Abin da aka tabbatar kawai shi ne dalolin sun shiga.

Da dare ya yi aka tara mu a wata babbar bukka, mutane maƙil, masu kula ƙalilan. Ga amai, ga kuka, ga wanda ya fita hayyacinsa yana neman kutsawa daji cikin duhu. Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda "maestro" ɗin, wato mai maganin da ke jagorantar zaman, yake keɓe mata ɗaya bayan ɗaya, wai zai yi musu wankin jiki na musamman. Mace tana cikin maye, ba ta iya tsayuwa da ƙafarta, ta yaya za ta ce a'a? Wata ta dawo tana rawar jiki, washegari ta tattara kayanta. Kuma asibiti sai an yi tafiya mai nisa a jirgin ruwa, don ko Ikitos ɗin kanta babu titin mota da ya haɗa ta da sauran ƙasar.

Wasu masu maganin suna ƙara toé, fure mai guba, don baƙo ya ga abubuwa ya ji kuɗinsa bai tafi a banza ba. A 2012 wani saurayi Ba'amurke ɗan shekara 18 ya mutu a wani sansani kusa da birnin Puerto Maldonado na Peru, mai maganin ya binne gawar a ɓoye.

Tausayina yana ga 'yan ƙabilar Shipibo, waɗanda masu maganinsu na gaske kan shafe shekaru suna keɓe kansu a daji, ba gishiri ba sukari, kafin su fara duba mara lafiya. Peru ta sanya wannan ilimi cikin gadon al'adunta a 2008. Namu "maestro" ɗin, da na tambayi wa ya koya masa, sai ya kawo zancen ƙarin kuɗin zama na gaba.