ELM327: ƙaramar na'urar da ke nuna ko indomin mota ta mutu

ELM327 mai Bluetooth da kaɗan ta fi akwatin ashana girma. Ana soka ta a soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da waya ta manhajar Torque, ta nuna lambobin matsala da kwamfutar motar ta adana. Duk motar da aka ƙera wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da wannan soket, don haka yawancin Camry, Corolla da Accord 'yan Kwatano suna karɓarta.

Amfaninta ya fi fitowa idan wutar cek, mai gargaɗin matsalar inji, ta kama, lambar P0420 ta bayyana, ko P0430 a ɗaya ɓangaren injin V6. Ma'anarta ita ce matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi, ba ta tace hayaƙi yadda ya kamata. Amma lambar kaɗai ba hujja ba ce, kuma a nan ake yawan asarar kuɗi.

A bar inji ya yi zafi sosai, a riƙe totur a kan juyi 2,500 a minti, a buɗe zanen sensar iskar oksijin ta bayan indomi a manhajar. Idan indomin na da rai, layin zai kwanta wajen bolt 0.6 zuwa 0.8. Idan kuwa yana tsalle da sauri tsakanin 0.1 da 0.9, hayaƙi na wucewa ba tacewa. Layin da ya maƙale wuri guda ko da an taka totur an saki, sensar ce abin zargi. Kafin a yanke hukunci a duba yoyon salansa kusa da sensar, domin iskar da ke shiga ta tsaga ko ta lalataccen gasket tana kawo wannan lambar.

Indomi ba ta cika mutuwa haka kawai ba. Filogi ko kwal (mai ba filogi wuta) da ya gaza yana tura ɗanyen fetur ya ƙone a cikinta har ta narke, kuma lambobin P0300 zuwa P0304 ne ke tona shi. Injin da ke shan baƙin mai ko ruwan lagireto yana lulluɓe ƙarafan filatinam da faladiyam da ke aikin. A fara gyara wannan, in ba haka ba sabuwar ma za ta bi sahun tsohuwar.

Aibin ELM327 shi ne jabu sun cika kasuwa. Masu rubutun v2.1 sun fi yawan yanke sadarwa, gara mai v1.5. Ba ta auna toshewar indomi kai tsaye: motar da ke rasa ƙarfi a hawa sai an cire sensar gaban indomi an ɗaura agogon auna matsi. Kada a bar na'urar soke kwanaki, tana jan batir.

Mai sayen mota ya duba shafin gwaje-gwajen shiri a manhajar, wato gwajin da motar ke yi wa kanta. Idan gwajin indomi bai kammala ba, an goge lambar ko an cire batir kwanan nan, sai a ɗaga motar a duba ko an fafe indomin.