Na maida tsohuwar laftof rautar gida da OpenWrt cikin VirtualBox, ga abin da nig gani bayan wata huɗu

Abin da yas sa nish shiga wanga aiki ba neman burga ba na, data ta. Gidanmu nan Arkilla gidan taro na, Baba da Inna da ƙannena huɗu da matar yayana da ɗiyanta, kowa da waya ga hannu, ga talabijin ita ma tana hawa intanet. Muna da rautar 4G guda mai sim, ni ka saka mata datar wata, amma ko sati biyu ba a kaiwa sai in ji an ce "Yaya data ta ƙare hwa", in ka tambayi wa yac cinye ta kowa shi rantse maka shi WhatsApp kaɗai shike yi. Rautar kuwa iyakar abin da take nuna maka sunayen wayoyin da sunka hau, ba ta hwaɗa maka wane yas sha giga nawa.

Ƙanena da ke karatun kwamfuta ga Jami'ar Ɗanfodiyo shi yak kawo shawarar. Yac ce "Yaya waccan laftof taka da ke ajiye bisa kwaba ai rauta ta, ba ka dai sani ba." Ni na ɗauka wasa shike. Ashe akwai manhajar da aka ce ma VirtualBox, ta kamfanin Oracle, kyauta ta, tana buɗa maka kwamfuta ta biyu cikin kwamfutarka, ita aka kira bacuwal mashin. Cikin wagga kwamfuta ta biyu sai ka zuba OpenWrt, wanda shi ma kyauta na, Linux na da anka gyara don aikin rauta tun 2004 lokacin da mutane sunka hwara sake ma rautar Linksys WRT54G ƙwaƙwalwa. Mun duba wasu manhajojin rauta irinta, pfSense amma ta hi cin ram, da CHR ta kamfanin MikroTik sai munka iske lasisin kyautarta megabit 1 kaɗai yake bari ta tura ga kowace kahwa, to mi za mu yi da megabit 1 gidan mutum goma sha. Sai munka tsaya ga OpenWrt 23.05.

Haɗawar ta ci muna Asabar guda cur. Da hwari VirtualBox ta ƙi tada mashin ɗin sai da munka shiga BIOS, setin kwamfuta da ake shiga kahin Windows ta tashi, munka kunna VT-x, setin da ka bari bacuwal mashin ta yi aiki. Fayil ɗin OpenWrt kuma ba kai tsaye ake lodin shi ba, sai ka warware shi ka juya shi zuwa VDI, irin fayil ɗin da VirtualBox ka karantawa, da umurnin VBoxManage convertfromraw, layi guda na amma in ba a nuna maka ba sai ka kwana bisa nai. Ram 512 MB munka ba shi, har yau ko rabi bai taɓa ci ba. Sannan wani abin haushi, OpenWrt na zuwa da adireshi 192.168.1.1 kuma rautar 4G ɗinmu ita ma shi take amfani da shi, sai sunka yi karo, shahin setin OpenWrt da aka ce ma LuCI ya ƙi buɗewa sai na rautar 4G ka hitowa. Mun hi awa guda muna zargin kebul kahin yaron nan yat tuna, munka canza zuwa 192.168.5.1 komi yad daidaita.

Inda nika son mai niyyar gwadawa shi natsu shi na wajen wayifai, don nan niy yi asarar kuɗi. Wayifai ɗin da ke cikin laftof ɗinka bacuwal mashin ba ta ganin shi a matsayin wayifai, VirtualBox na miƙa mata shi kamar kebul na kawai, saboda haka ba za ta iya watsa sabis da shi ba. Dole ka nemo adaftar wayifai ta USB ka miƙa ta ga mashin ɗin kai tsaye, kuma ba kowace adafta ka yarda ta yi aikin watsawa ba. Wadda anka hi yabo ita ta mai cif Atheros AR9271, irin TP-Link TL-WN722N amma sigar hwarko kaɗai, siga ta 2 da ta 3 cif ɗin Realtek ke ciki ko da yake kwali da suna dut iri ɗaya. Ni da gaugawata nit tahi wani shago cikin gari, mai shagon yac ce "Alhaji ita ta, ba ta da wata matsala", ni kuma ban juya bayanta na karanta ba, nid dawo gida ƙanena yad duba yay yi dariya yac ce "Yaya V3 ta." Mai shago yac ce an buɗa kwali ba a maidowa. Tana nan cikin durowa.

Daga baya wani abokin karatun ƙanena yab ba mu aron ta asali, munka saka direbanta kmod-ath9k-htc da wpad don OpenWrt na kwamfuta ba ya zuwa da kayan wayifai ciki, sabis yah hito, kowa yag ga sunan ga waya tai. Murna ba ta kai la'asar ba. Adaftar nan waya bakwai take ɗauka, ta takwas sai ta tsaya tana juyi, kuma 2.4 GHz kaɗai take yi, ga ginin gidanmu bulo mai kauri, ɗakin Inna da ke can ƙurya sanda guda take samu wani lokaci babu. To in haka na ai Windows da kanta tana da hosfot mai ɗaukar na'ura 8 ba tare da wata wahala ba. Nan nic ce ma ƙanena ko dai mu haƙura.

Dabarar da tac ceci aikin mai arha ta. Akwai wata tsohuwar rauta mai eriya biyu da yayana yab bari, munka kashe mata DHCP don ta bar rabon adireshi, aikinta shi zan watsa wayifai kawai. Kebul guda daga rautar 4G zuwa ramin kebul na laftof, adaftar USB mai kan kebul guda daga laftof zuwa tsohuwar rauta, cikin VirtualBox munka yi ma mashin ɗin kahwa biyu dut birij, wato kowace haɗe kai tsaye da ramin kebul ɗinta, ɗaya ta shigowar intanet ɗaya ta gida. Wayifai ɗin rautar 4G munka kashe shi baki ɗai don kar wani shi zagaya ta baya. Tsohuwar rautar munka rataye ta ga bangon zaure na ciki. Tun ranar sabis ya kai ko'ina har madahwa.

Abin da yab burge ni kuwa nlbwmon na, ƙaramar manhaja da ka ƙara ma OpenWrt tana rubuta abin da kowace waya tas sha. Bayan sati guda nib buɗe ina shirin kama ƙannena mata da TikTok, har na tara su. Na ɗaya ga jerin wayata ta. Bidiyoyin bukin abokina da niɗ ɗauka ashe dut dare wayar na ta ɗora su ga ma'ajiyar intanet da ta ga wayifai, ni ban taɓa kashe setin ba. Autarmu tac ce "Yaya karanta muna da ƙarhi mu ji", nir ruhe laftof. Har yau ba su bar ni ba.

Sai kuma wayoyi ukku da babu wanda yas san masu su, kuma ba su hawa sai bayan isha'i. Nil leƙa ƙohwar gida, samarin majalisa na bisa benci jikin bangonmu kowa ya duƙa ga waya. Babu wanda yab ba su fasuwod da baki, ɗan yayana na yan nuna musu hoton QR da Android ke hiddawa tun daga siga ta 10, sikanin guda sun shige. Nit toshe su da lambar MAC, lambar da rauta ka gane kowace waya da ita, kwana biyu ɗaya yad dawo don wayoyin yanzu na iya sake lambar daga setin. Ƙarshe fasuwod munka canza, ni da kaina nike amsar waya in saka, yaron kuma an ja mai kunne. Samarin ba su ce komi ba, gaisuwa dai ta ɗan yi sanyi.

SQM ma ya yi amfani, shi na mai hana mutum guda shi danne kowa in yana dawunlodin. Kahin nan in talabijin na bisa YouTube to kiran bidiyon da Inna ka yi ma ƙanwarta da ke Makka sai shi dinga tsinkewa, yanzu da sauƙi sosai. Amma kar a ce ban hwaɗa ba, SQM na son ka rubuta mai gudun layinka ka ɗan rage ƙasa, shi kuwa 4G gudu nai na sahe daban na dare daban, na saka adadin dare sai da rana muna asarar gudu, na saka na rana sai da dare shi zan kamar babu shi. Na bar shi tsaka-tsaki.

Illar abin gaba ɗai ita ta laftof ta zama fursuna. Ranar da nim manta niɗ ɗauke ta zuwa wajen aiki ko Gawon Nama ban kai ba Inna tak kira, "Kai mi kay yi ma abin ga, ya mutu." Ruhe murhinta ma na sa ta barci gida dut shi yanke sai da nis sake setin. Wani dare ta sake tashi da kanta bayan ofdet, mashin ɗin bai tashi ba don ban saita shi ba, laihina na, yanzu na sa Task Scheduler, mai tsara aiki na Windows, na tada shi da umurnin startvm headless da an kunna. Ga wuta, in anka ɗauke, rautar 4G da tsohuwar rautar ƙaramin batir na riƙe su awoyi, laftof kuwa batirinta ya tsuhwa minti arba'in take yi, dole ta hau inbatar sola tana gasa da fanka. Ga kuma zahin Sakkwato, watan Afrilu da ake wuce digiri 40 fankarta kuka take kamar injin markaɗe, ƙurar hunturu ta riga ta cika ta, sau biyu tana mutuwa da azahar kahin in kai a hure ta a sake mata man cif. Yanzu bisa bulo biyu take zaune don iska shi ratsa ƙasanta.

In tauraro biyar aka badawa ni ukku da rabi zan ba wanga haɗi. OpenWrt kanta ban ga laihinta ba ko sau ɗaya, wata huɗu ba ta taɓa sanƙarewa ba, kuma datarmu yanzu tana kai ƙarshen wata ko ta rage kwana biyu ukku. Mai son koyon netwok, ko ɗalibi, ko wanda ke da sola da tsohuwar kwamfuta zaune, shi gwada, in yana da tsohuwar rauta kuɗin da za shi kashe na kebul biyu da adafta guda na. Wanda ke son wayifai kawai shi kunna shi manta, shi nemi rautar da ke cikin jerin waɗanda OpenWrt ke hawa shi zuba mata kai tsaye, ta hi ƙarancin cin wuta nesa ba kusa ba kuma babu ruwanta da barci. Ni ma ita nika tara ma kuɗi, don ƙanena ya hwara maganar zai buƙaci laftof ɗin wajen furojet nai zangon karatu mai zuwa.