Memorin da aka yi mini turi a Wunti ya tona mini asiri a gadar Dindima

Ba zan faɗi sunan shagon ba. Duk mai shiga wajen masu gyaran waya a kasuwar Wunti ta Bauchi ya san irinsu: benci ɗaya, tsohuwar kwamfuta, sifika na ta ihu a bakin ƙofa, yaro na latse-latse. Kun san abin da suke karɓa a kan kowace giga, ba sai na ɓata muku lokaci ba. Abin da ya kai ni shi ne data ta yi tsada, ga shi ranar Asabar zan kai surukina ɗaurin aure Gombe, can Pantami. Na ce bari in sayi memori in cika shi da abin da ya dace da kunnen dattijo.

Na zauna na yi wa yaron bayani dalla-dalla. Folda ta farko karatun Alƙur'ani. Ta biyu Shata, Ɗanƙwairo, Ɗan Maraya Jos, da gurmin Haruna Uji in akwai. Sai na rage murya na ce akwai ta uku, wannan tawa ce ni kaɗai, ya rubuta mata "Takardun ofis". Ya ɗago kai ya yi murmushi, ya ce, "Yallaɓai, Indiya ne ko?" Ko a goshina aka rubuta, oho.

To, tunda magana ta zo nan, bari in fasa ƙwai. Shekarata 46, furfura ta fara cin gemuna. A majalisarmu ta unguwar Jahun ni ne sarkin kushe waƙoƙin zamani, kullum ina cewa tun da Shata ya rasu a 1999 aka naɗe tabarmar kiɗa a ƙasar Hausa, ba abin da ya rage sai fiyano da muryar inji. Amma in na ɗaga gilashin mota ni kaɗai, tsofaffin waƙoƙin Indiya nake sha, musamman na Lata Mangeshkar. Ranar da ta rasu a Fabrairun 2022 haka na yini jiki a sanyaye, uwargida na ta tambaya ko zazzaɓi ne. Kalma goma ta yarensu ban sani ba, amma ina bin baiti har ƙarshe da kalmomin da na ƙirƙiro wa kaina tun ina firamare.

Asabar bayan sallar asuba muka ɗauki hanya. Baba a gaba, carbi a hannu, ƙannensa biyu a baya. Na soka memori a rediyon mota, karatu ya fara, na ce alhamdulillahi. Da muka bar gari sai ga Ɗanƙwairo. Baba ya gyara zama, ya shiga yi mana bayanin yadda kotso yake kiɗan fada, ba kiɗan kowa da kowa ba, da yadda 'yan amshi ke karɓe zance daga bakin ubangidansu kafin ya sauke numfashi. Ya ce in ƙara murya, kunnensa ya yi nauyi. Na ƙara har kusan ƙarshe. A raina ina cewa yau na ci jarrabawa.

Muna hawa gadar Dindima, kogin Gongola na ƙasanmu, waƙar ta ƙare. Sai wata sarewa ta ɗauka, goge ya biyo ta, sai siririyar muryar nan ta mace ta cika motar tim. Ashe yaron bai yi folda ko ɗaya ba. Duk ya zube su wuri guda, ya jera musu lambobi, fayil na 14 Ɗanƙwairo, na 15 Indiya. Wannan ma da sauƙi. Abin da har yau in na tuna nake jin kamar ƙasa ta tsage in shige shi ne, bakina ya riga hankalina. Na rera layin farko. A fili. Har da ɗan karkata wuya.

Na kai hannu na danna gaba, wata Indiyar ce. Na sake dannawa, ta uku, wannan ma mai ganguna ce ta rawa. Hannuna na rawa na zare memorin gaba ɗaya, ya faɗa ƙarƙashin kujera. Motar ta yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar taya da ƙas-ƙas ɗin carbi. Baba bai ce uffan ba har muka shiga Alkaleri. Can ya yi gyaran murya.

"Baban Amira, wai me take cewa ne?"

"Wallahi Baba ban sani ba."

"To ai na ji kana amsa mata."

Na baya suka kasa riƙewa. Da muka isa Pantami kuwa, duk wanda ya zo gaisuwa sai Baba ya nuna ni ya ce, "Ga surukina, shi ne tafintanmu in Allah ya kai mu Bombay." Mutumin da ban taɓa cin abinci a gabansa ba shekara 15 saboda kunya. A ranar da zan ga yaron nan, da sai an raba mu.

Baba ya kwana Gombe, na juyo ni kaɗai da yamma. Na laluɓo memorin na mayar, ina tsallake fayil ina tsara irin tijarar da zan sauke ranar Litinin. Wajen Bara sai na faɗa kan wani abu da ban ce a saka mini ba. Jita ce, amma ba irin ta Turawa ba, tana juya jimla ɗaya tana komawa kanta kamar mai kaɗa gurmi, ga tafi a ƙarƙashi, ga maza na amshi da wani harshe da ba Fulatanci ba, ba Larabci ba. Na maimaita ta sau biyar kafin Alkaleri. Bayanta akwai wasu kusan 20 irinta. Na shigo Bauchi da magariba, fushina ya ragu da rabi.

Litinin na je da niyyar faɗa, na ɓige da tambaya. Yaron ya ce, "Gyara ce na yi maka, Yallaɓai, kiɗan Buzaye ne." Ya rubuta mini sunaye uku a bayan rasit: Tinariwen, Bombino, Mdou Moctar. Da na koma gida na bincika. Tinariwen Abzinawan arewacin Mali ne, sunan nasu na nufin hamadu a yarensu na Tamashek, har kyautar Grammy sun ci a Amurka a 2012, ni ina nan Jahun ina rantsuwa kiɗa ya mutu. Bombino ɗan Agadas ne. Wanda ya fi ba ni mamaki Mdou Moctar, bahagon makaɗin jita daga Nijar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke. A Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008, kuma da muryar injin nan da nake zagi a majalisa. Ba gidan rediyo ne ya fito da shi ba, daga memori zuwa memori waƙoƙinsa suka yi ta yawo a wayoyin mutane har suka tsallaka teku. Wato ta hannun irin wannan yaron da na zo ci wa mutunci. Na ji nauyi, har na ƙara masa kuɗin shayi, na ce ya ƙaro mini nasu duk abin da yake da shi. A lokacin da an tambaye ni, da na ce kowa ya je shagon.

Kada ku je tukuna. Ƙarin da ya yi mini ne ya fallasa sauran aikin. A jikin memorin an rubuta giga 32, waya ma 32 take nunawa, amma jabu ne. Irinsu cikinsu ƙarami ne, an dai saita su su riƙa faɗin ƙarya, to da zarar ainihin wurin ya cika sai sabon abu ya hau kan tsoho ya murƙushe shi, sunan fayil na nan amma ba ya buɗuwa. Haka na rasa Shata gaba ɗaya. Haruna Uji ya tafi. Hotunan ɗaurin auren da na kwafa a ciki, su ma sun bi. Ɗan Maraya biyu suka tsira, su ma da na saurara da kyau, ana tsakiyar kuntigi sai wata murya ta faɗo tana tallan shagon da lambar waya. Mutum ya rasu tun 2015, a bar shi ya gama baitinsa mana!

Na koma karo na uku. Ya ce ba su ke ƙera memori ba, su ma sarowa suke yi, in kawo wani ya sake tura mini a rabin kuɗi. Kuɗin na farko kuwa ko a bakinsa. Kuma har yanzu bai ga laifinsa a zancen folda ba, wai wuta aka ɗauke yana cikin aiki, janareto kuma ba mai. To ka faɗa mini mana kafin in ɗauki surukina!

Abin haushin, cikin duk abin da ya lalace, waƙoƙin Indiyan nan ko ɗaya ba ta yi ƙwarzane ba. Su da Buzaye ne suka rage lafiya, su nake ji yanzu in zan tafi aiki. Wata mai zuwa Baba ya ce ni zan kai shi Azare. Na sayi wani memorin a wani wuri, karatu zalla, na zauna na saurare shi fayil bayan fayil har na ƙarshe. Jiya kuma ya aiko Amira ta tambaye ni wai ko tafinta zai taho da 'yar waƙar nan tasa.