Karnuka cikin rigar jaɓa: abin da na gani a The Killer Shrews

Ƙanena ne ya turo min fim ɗin ranar wata Juma'a da ruwan sama ya hana kowa fita. Tsohon fim ne na Amurka, baƙi da fari, na shekarar 1959, tsawonsa minti 69 kacal. Haƙƙin mallakarsa ya daɗe da faɗuwa, shi ya sa ake samunsa kyauta a intanet. Na kalle shi a waya ni kaɗai, washegari na sake sa shi a talabijin tare da yaran gida.

Dodon fim ɗin jaɓa ce. Jaɓar nan dai da muka sani, mai tsinin baki da wari, wadda ke bin gindin bango da dare tana tsuwwa. Wani matuƙin jirgin ruwa ya kai kayan abinci wani tsibiri, guguwa ta tsare shi a can. Ya tarar da wani masanin kimiyya da 'yarsa da mataimakansa, suna binciken yadda za a rage girman jikin ɗan Adam don abinci ya wadaci duniya. Gwajin da suka yi a kan jaɓa ya juye musu, ta koma girman kare, ta hayayyafa, ta cinye duk wani abu mai rai a tsibirin, saura su.

Duk wanda ya san fim ɗin, abin da yake fara faɗa shi ne karnuka aka sa wa riga. Gaskiya ne. Idan aka ɗauko dodannin daga nesa, karnukan farauta ne aka lulluɓe da wani abu mai gashi kamar tsohuwar darduma, aka maƙala musu wutsiya da dogayen haƙora. Idan an matso kusa kuma, kan roba ne mutum ya zura hannu a ciki yana buɗe bakin. Yaran sun gane tun fitowar farko, ɗaya ya ce, “Kawu, ai wannan tafiyar kare ce.” Mun yi dariya sosai, kuma dariyar tana cikin daɗin kallon. Amma ba ita ta riƙe ni ba.

Katangar ce ta riƙe ni. Gidan da suka fake ginin ƙasa ne, ruwa ya jiƙa shi, dabbobin kuma masu haƙa ne. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin ƙasa cikin watan Agusta yana jin bango na tsotsar ruwa ba ya buƙatar a yi masa bayani. Daraktan, Ray Kellogg, ya yi shekaru yana haɗa dabarun hoto a kamfanin 20th Century Fox kafin wannan aiki, kuma da alama ya san rigar karnukansa ba za ta jure kallo ba. Sai ya ɓoye su. Kuka kake ji a waje, da ƙarar farce a jikin bango, sai ƙasa ta fara zubowa, sai baki ya leƙo ta rami. A waɗannan wuraren falonmu tsit ya yi.

Akwai wani wuri da ba zan manta ba. Yawun dabbar dafi ne, ko ƙwarzane ta yi maka ka tafi. Ta ciji ɗaya daga cikin masanan, shi kuma maimakon ihu, sai ya zauna gaban tafireta yana buga abin da yake ji a jikinsa har rai ya fita. Wanda ya fito a wannan matsayi shi ne Gordon McLendon, mai gidajen rediyo a Texas, wanda da kuɗinsa aka yi fim ɗin a kusa da Dallas. Kimanin dala 123,000 aka kashe, ya dawo da kusan miliyan ɗaya.

Yana da aibu, kuma ba ƙarami ba. Tsakiyarsa surutu ne a falo ɗaya, kowa da kofin giya a hannu, har da kishi a kan budurwa alhali mutuwa na bakin ƙofa. Ga kuma Rook, abokin aikin matuƙin, baƙar fata ɗaya tilo a fim ɗin: shi aka bari a waje, shi aka fara cinyewa, aka wuce maganarsa cikin 'yan mintuna. Abin ya sosa min rai. Kwafin da na samu ma ya dushe, wuraren dare sai ka ƙura ido, sautin kuma yana shaƙewa.

Yadda suka tsira kuwa, dabarar talaka ce tsantsa. Suka samo manyan tankunan ƙarfe, suka ɗaure su wuri ɗaya, suka huda 'yan tagogin leƙe, suka kifa a kansu, suka tafi a tsugune har bakin teku, karnukan na zagaye su suna cusa baki. Mutum uku a cikin tanki suna rarrafe abin dariya ne a ido, amma na samu kaina ina ƙirga musu taku. James Best, wanda ya fito a matuƙin, ya yi wasansa tsakani da Allah, bai taɓa nuna cewa ya san kare ne a gabansa ba. Bayan shekara 53, a 2012, ya sake fitowa a wannan matsayi cikin ci gaban labarin.

Da aka gama, manyan yaran suka ɗauko bargo suna bin juna a tsakar gida. Ƙaramin cikinsu kuwa, wanda ya fi kowa dariyar karnukan, ya ƙi yarda ya kwanta a gefen da ke jikin bango.