Soson bango na ɗakin kiɗa: abin da ya yi mini da abin da ya kasa

Wata takwas ke nan da na liƙa soson kashe amo a bangon ɗakin da ke ƙuryar gidana a Zariya, inda ni da ɗana muke gwajin ganga da kalangu da fiyano bayan sallar isha'i. Soson da nake magana a kai shi ne baƙin nan mai tudu-tudu kamar ƙananan dala, wanda ake gani a hotunan ɗakunan ɗaukar waƙa, kowane falle faɗinsa da tsawonsa santimita 50, kaurinsa kuma santimita 5. Na saye shi ne saboda maƙwabcina, dattijon da katanga ɗaya ta raba ɗakinsa da nawa, kuma mai shagon da ya sayar mini ya tabbatar mini cewa da zarar na rufe bango da shi, ko wanda ke tsakar gida ba zai ji motsinmu ba.

Gaskiya soson ya yi aiki, sai dai ba aikin da na saye shi dominsa ba. Ɗakin ginin bulo ne mai filasta, ƙasansa tayil, kuma a da idan mutum ya tafa hannu sai ya ji amsa-kuwwa tana kai da komo tsakanin bango da bango, har bugun kalangu ya cakuɗe da juna. Ranar da muka gama liƙawa wannan matsala ta kau. Sauti ya zauna, kowane bugu yana fita daban, kuma muryar da muka ɗauka da makirufo ta fito tas, ba kamar wadda aka ɗauka a cikin rijiya ba. Liƙa shi ma ba wuya, domin ba shi da nauyi kuma wuƙa mai kaifi tana yanka shi yadda ake so.

Da gari ya waye na je gaishe da maƙwabcin nawa, na ce, "Baba, jiya ka ji mu kuwa?" Ya ce, "Malam, gangar nan taka tana shigowa ɗakina kamar yadda ta saba." Wannan amsa ta sa na koma na nemi sanin yadda sauti yake ratsa gini, kuma abin da na fahimta shi ne, shanye amo a cikin ɗaki daban, tare shi kada ya fita kuma daban. Soso yana shanye siririn sauti ne kawai. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa guda, saboda haka amo mai kauri da ke kaɗawa sau 100 a daƙiƙa, irin wanda babbar ganga ko ƙasan fiyano ke fitarwa, tsawon zangonsa, wato nisan da yake tafiya a kaɗawa guda, ya kai kusan mita uku da rabi, kuma soso mai kaurin santimita 5 ba shi da abin da zai yi masa. Abin da ke tare sauti shi ne nauyin bango da toshe duk wata kafar da iska ke bi. Masana sun nuna cewa ninka nauyin bango yana rage abin da ke ratsa shi da kimanin desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), kunnen mutum kuwa sai an rage kusan desibel 10 yake jin ƙarar ta ragu da rabi. Nan ne na tuna ɗakin kakana na ginin ƙasa a cikin birni, wanda kaurin bangonsa ya sa ko kiɗan biki ake yi a waje, da kyar ake jinsa a ciki.

Gyaran da ya yi amfani ya zo ne daga baya, kuma ya fi soson tsada nesa ba kusa ba. Na cire ƙofar falanki mai rami a ciki na sa ta katako mai nauyi, aka zagaye bakinta da roba, aka toshe ratar da ke ƙarƙashinta. Tagar da ke fuskantar maƙwabci aka cike ta da bulo. Sannan kafinta ya tayar da wani bango a cikin ɗakin wanda ba ya taɓa na asali, ya cusa audugar dutse ta Rockwool a tsakani, ya rufe da allon jifsam ninki biyu, haka kuma ya yi wa silin, tun da rufin kwano ba ya tare komai. Ɗakin ya ragu da kusan taƙi guda ta kowane gefe, amma tun daga lokacin Baba bai sake jin komai ba sai ɗan dum-dum idan dare ya tsala.

Akwai abin da ya fi damuna game da soson, wato wuta. Irin wannan soso, idan ba a sarrafa shi da sinadarin hana kamawa ba, yana ci da sauri kuma hayaƙinsa guba ne. A ranar 20 ga Fabrairun 2003, a gidan rawa na The Station da ke jihar Rhode Island ta Amurka, tartsatsin wasan wuta ya kama soson da aka liƙa a bango domin rage ƙara, mutum 100 suka rasu. Nawa bai zo da wata takardar shaida ba, shi ya sa na yanki guntu na gwada shi da ashana a tsakar gida, kuma yadda ya kama ya sa a ranar na ɓamɓare duk fallen da ke kusa da soket da wayoyin lantarki. Audugar dutse kuwa, da yake daga narkakken dutse ake yin ta, tana jure zafin da ya haura digiri 1,000. Ban da wannan, ƙurar hunturu tana shigewa ramukan soson ta ƙi fita, kuma zafin watan Afrilu ya sa gam ya saki fallaye da dama. Ɗakin da aka toshe ko'ina ma yana buƙatar na'urar sanyaya ɗaki da hanyar shigar iska mai lanƙwasa, in ba haka ba ba a iya awa guda a ciki.

Wanda yake ɗaukar murya, ko karatu, ko shirin rediyo a gida, kuma amsa-kuwwa ce damuwarsa, soson zai biya masa buƙata, muddin ya nemi mai shaidar jure wuta, kuma ba sai ya rufe bangon gaba ɗaya ba. Wanda kuwa yake so ya raba maƙwabcinsa da ƙarar ganga, ina ba shi shawara ya fara kashe kuɗinsa a kan ƙofa da taga. A ɗakina yanzu fallaye goma sha biyu kaɗai suka rage, a bangon da ke bayan makirufo da gefuna biyu na wurin da ɗana yake zama da kalangunsa.