Kwali ko hoton waya, wanne za ki riƙe kafin jere?

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya nuna mana ranar. Kin tambayi wanne ya fi wajen zaɓen kayan ɗaki kafin jere. Tsakanin tara hotuna a waya da haɗa kaloli a kan kwali, abin nan da masu kwalliyar gida ke ce wa mud bod, ni kwali zan ce miki, kuma duka biyun na gwada.

Lokacin jeren ƙanwata a Unguwar Rimi, kwalin firji na yanka, bai fi faranti babba ba. Na shiga Kasuwar Sheikh Gumi, mai labule ya yanko min ƙyalle kala uku, kowanne kamar tafin hannu. A Panteka kafinta ya ba ni guntun katakon gado, an riga an shafe shi. Mai tayil ya ba ni fasasshe ɗaya kyauta. Fenti kuwa ɗan kaɗan na saya, na shafa sau biyu a gefen kwalin na bari ya bushe, don ɗanyen fenti da busasshe ba launinsu ɗaya ba. Na manne komai da gam, na kai ɗakin na jingina a bango.

Da hantsi na duba, na koma da la'asar, na sake komawa da dare aka kunna wuta. Labulen ruwan tokan da na fi so da rana, yana shiga hasken ƙwai mai ruwan ɗorawa sai ya koma kamar ya sha datti. Ƙwan fitila ma kala-kala ne, ki duba jikin kwalinsa: 2700K mai ɗorawa ne, 6500K fari tas. Innarmu kuma ta shafa ƙyallen karammiskin kujera da hannunta, ta ce, "Wannan da hunturun Kaduna? Wa zai riƙa kakkaɓe mata?" Gaskiyarta, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura ba ta ɗaga ƙafa. Nan take muka ɓamɓare shi muka manna yadi mai santsi, ba a yi asarar ko kwabo ba. Ranar da dangin ango suka zo ganin ɗaki, wallahi har ƙwalla na yi don daɗi.

A kwalin ne kuma za ki ga rabon kala da idonki. Masu aikin suna bin kashi 60 na babbar kala, wato bango, 30 na labule da kujeru, 10 na matasai da ƙananan kaya. Ki yanka ƙyallayen daidai da haka.

Waya kam, manhajar hotuna ta Pinterest na da amfanin nuna wa kafinta fasalin gado, iyakarta ke nan. Gilashin waya haske yake fitarwa, kowace kala sai ta yi kyau. Ita ta ja min fenti sau biyu a falona.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da wasu 'yan kasuwa. An taɓa nuna min yadi mai kauri a shago, aka ɗinko min mai shara-shara, kala ɗaya, da na yi magana aka rantse min shi ne. Don haka ki raba ƙyallen biyu, ki sa hannu a bayan kowanne, ki bar musu ɗaya. Tayil ki duba lambar kala a jikin kowane katan, in ta bambanta za ki gani a ƙasa bayan an shimfiɗa. Bokitin fenti a buɗe shi a gabanki. Kafinta ya nuna miki soson kafin ya rufe kujera, kuma kafin alƙalami kawai za ki ba shi, ciko sai kaya sun iso gida.

Ki fara da tayil ko kafet tunda su ne masu wuyar sauyawa, sai kujeru da labule. Fenti ki bar shi ƙarshe, ki ɗauki kwalin ki je da shi a haɗa miki.