Wata huɗu ina jira, kalma ɗaya suka rubuto mini

Tun ranar da tsofaffin kuɗin da na aika a duba suka dawo nake son yin wannan rubutu, amma na bari sai da zuciyata ta huce, don da a ranar na rubuta, da ban raga wa kamfanin nan ba ko kaɗan. Waɗanda muke harkar tsofaffin kuɗi tare sun san kamfanonin da ake aika wa tsabar kuɗi su tabbatar da sahihancinta, su ba ta maki daga 1 zuwa 70, sannan su kulle ta cikin roba mai tauri. Ɗaya daga cikinsu na gwada, ta hannun ƙanina da ke karatu a Ingila. Ba zan kama suna ba.

Guda uku na aika, duk na jan ƙarfe. Amma gaskiya saboda guda ɗaya na yi wahalar, wato kwabo biyu na Ingila na 1797, mai kan Sarki George na Uku. Duk wanda ya taɓa riƙe shi ya san abin da nake nufi. Nauyinsa oza biyu cif, kusan giram 57, faɗinsa ya ɗan haura santimita huɗu, ga baki mai kauri da aka nutsa rubutu a cikinsa, shi ya sa Turawa ke kiransa tayar amalanke. Matthew Boulton ne ya buga shi a masana'antarsa ta Soho kusa da Birmingham, da injin tururi, kuma waɗanda aka buga ba su kai miliyan ɗaya ba. Saboda nauyi da laushin ƙarfen, yawancin waɗanda ake gani a kasuwa bakinsu duk ya lotse. Nawa kuwa bakinsa sumul, gashin sarki a fili, har ƙaramin rubutun SOHO da ke ƙarƙashin garkuwa a bayansa ana karantawa ba tare da gilashi ba. A raina na riga na ba shi 45, in an matsa 40.

Ya dawo babu maki ko ɗaya. A jikin takardar sun yarda na gaske ne, sun yarda zanensa bai suɗe ba, sai suka ƙara kalma guda: an goge.

Wallahi sai da na ji jiri. Na kira ƙanin nawa na sauke masa kwandon faɗa kamar shi ya rubuta. Ya ce, "Yaya, yi haƙuri, ni dai kai musu na yi na karɓo." Na rubuta wa kamfanin wasiƙa mai zafi, na ce su nuna mini inda aka goge. Bayan kwana tara suka amsa da layi biyu, wai hukuncin masu dubawa ne, in ina so in sake biya a sake dubawa. A sake biya! Ga shi kuɗin farkon ma ba su rage ko sisi ba, duk da ba su ba ni abin da na je nema ba.

To, a nan dole in faɗi abin da ban gaya wa ƙanin nawa ba. Shekara uku da suka wuce, da damina, na buɗe gwangwanin da nake ajiya na ga wani ɗigon kore ya fito kusa da wuyan sarki. Laima ce ta Kaduna, ga kuma irin ledar nan mai laushi da na saka shi ciki, wadda daga baya na gane ita ma tana cin jan ƙarfe. Hankalina ya tashi. Na matsa lemun tsami, na barbaɗa gishiri, na murza da tsumma, kamar mai wanke tasa. Koren ya tafi, amma wurin ya koma ja-ja-ja kamar sabuwar wayar lantarki. Sai na ajiye shi a bakin taga wata da watanni har ya sake yin duhu, na ce ai shi ke nan, ba mai ganewa.

Sun gane. Da na sa gilashi mai ninka girma goma na karkata shi ƙarƙashin fitila, ga siraran layuka nan duk sun bi hanya ɗaya, hanyar tsummana. Launin wurin ma ba irin na sauran jikin ba ne, ya yi wani fayau, babu wannan ruwan ƙasa mai maiƙo da shekara ɗari biyu ke sa wa jan ƙarfe. Masu saye a wannan harka fatar, wato wannan launi na saman ƙarfen, suke saye kafin zanen. Tsabar da ta suɗe amma fatarta ta asali ce ta fi shiga ransu a kan mai kaifi da aka wanke. Don haka a wannan dai ba su zalunce ni ba, ni na zalunci kaina, kuma idon mai dubawar ya cancanci yabo.

Na ukun ne ya ɗan wanke mini zuciya. Babban senti ne na Amurka na 1803, da na saya da arha cikin tarkace, ina zargin ma jabu ne saboda ramukan da ke jikinsa. Ya dawo na gaske, maki 12. Abin dariya, ma'aunin 1 zuwa 70 ɗin kansa don irin waɗannan sentin William Sheldon ya tsara shi a 1949, kafin a yaɗa shi zuwa sauran kuɗi. Ba 1799 ko 1804 ba ne da ake kokawa a kansu, amma na ji daɗi, har na nuna wa maman yara, ta ce ita dai baƙin ƙarfe take gani.

Sai dai da na koma kan na biyun, wato kwabo ɗaya na 1797, ɓacin ran ya dawo sabo. Wannan ban taɓa shi da komai ba, ko da yatsa ma a bakinsa nake riƙe shi. Maki 25 suka ba shi. Na jera shi da hotunan wasu da su da kansu suka ba 35, ban ga abin da suka fi shi ba, wani ma bakinsa ya fi nawa lotsewa. Babu bayani, babu ko layi ɗaya da zai ce ga dalili. Kuma robar da suka kulle shi ciki ta zo da karce daidai kan fuskar sarki, ta yadda duk hoton da na ɗauka sai ya fito kamar tsabar ce ta ji ciwo. An ce mini sati shida, ya zama wata huɗu, kuma sau biyu ƙanina yana biyan kuɗin jirgin ƙasa a banza.

Ina da sauran guda biyar da na yi niyyar aikawa, har da kwabo mai huji na 1936 mai sunan Edward na Takwas da na gada daga gwangwanin kakana. Na fasa tukuna. Na sayo ƙananan ambulan na takarda da ƙullin garin nan mai shanye laima, na kwashe su daga leda. Kwabo biyun kuwa yana kan tebur cikin robarsa, ina danne takardu da shi.